Abin da na koya a kotu kan riƙon 'ya'yana

Ranar da aka miƙo mini takardar saki bayan shekara 11 da aure, ban tsaya na karanta ta da kyau ba, domin hankalina yana kan yarana uku da ke barci a ɗaki. Sai daga baya na lura babu kwanan wata a jikinta, kuma ba a faɗi ko saki nawa ne ba. Wannan giɓi ya ci mana zama biyu a kotu, saboda daga ranar saki ake lissafin idda, kuma matar da aka yi wa sakin kome tana da haƙƙin ci da sha da wurin kwana a kan mijin har ta gama. Ni kuwa a daren na kwashe kayana, ban san ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta cikin idda ba.

Ba a yi wata biyu ba dangin tsohon mijina suka aiko da magana cewa 'ya'ya na uba ne, amma za su bar mini su idan na yarda ba zan nemi ko kwabo ba. Wallahi na kusa amincewa, don tsoron rabuwa da yaran ya fi mini tsoron talauci. Yayana ne ya hana ni, ya ce mu fara jin ta bakin lauya. Lauyar da muka je wurinta ce ta raba mini abubuwa biyu da na daɗe ina haɗawa. Waliccin yaro yana hannun uba, wato kula da tarbiyyarsa da dukiyarsa da aurar da shi, amma riƙo, wanda malamai ke kira hadana, uwa ce ta fi cancanta da shi. A mazhabar Malikiyya namiji yana zama wurin uwarsa har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Wasu mazhabobin sun gajarta wa'adin, domin Hanafiyya sun tsaya a wajen shekara 7 ga namiji, Shafi'iyya kuwa sun bai wa yaron da ya yi wayo zaɓi. Ta kuma faɗa mini abin da bai yi mini daɗi ba: idan na auri wanda ba muharramin yaran ba ne, riƙo zai iya barin hannuna, sai dai ba kai tsaye zai koma ga uba ba, mahaifiyata ce ke biye da ni.

Da muka tsaya gaban alƙali na ce, "Allah ya gafarta Malam, in dai za a bar mini su, na yafe ciyarwa." Bai karɓi wannan magana ba. Ya tunatar da ni cewa ciyarwa haƙƙin yaran ce, ni amana kawai nake riƙe da ita, ya karanto aya ta 233 a Suratul Baƙara da ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ, inda aka ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa kuma daga abin da Allah ya ba shi. Saboda haka aka duba samun uban, aka kuma nemi in kawo lissafin abin da yaran ke ci. A nan na sha wahala, domin ban taɓa ajiye rasit na makaranta ko na asibiti ba, sai da na koma ina bin ofisoshi ɗaya bayan ɗaya ina roƙon kwafi. Na kuma ga amfanin matsawa a rubuta komai a hukunci: adadin kuɗin, ranar biya a kowane wata, asusun bankin da za a tura, da wanda zai ɗauki kuɗin makaranta da na magani. Kalmar "zai riƙa taimakawa" ba ta da abin da kotu za ta kama idan aka saɓa.

Akwai kuskuren da na yi wanda har yau yake damuna. Da kuɗi suka yi jinkiri wata biyu a jere, sai na hana yaran zuwa wurin ubansu, ina ganin ramuwa ce daidai. Babbar 'yata ta daina cin abinci sosai, ƙaramin kuma ya koma fitsarin kwance. Lauyar ta gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa ziyara da ciyarwa haƙƙoƙi ne biyu daban, kuma Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ma ta tanadi yaro ya ci gaba da hulɗa da iyayensa biyu, sai in akwai cutarwa. Hanyar da ta dace ita ce in koma kotu a aika masa sammaci, kuma da na yi haka ya biya bashin cikin mako uku.

Yanzu yaran suna zuwa wurinsa duk ƙarshen mako na biyu da rabin kowane hutu. Ba na aika su da saƙon kuɗi, ba na kuma tambayarsu abin da suka gani a gidan. Duk maganar da ta shafi lissafi a rubuce muke yin ta, kuma ina da jaka guda da nake zuba kowace takarda a ciki.