Godiya ga masuntan Lagdo da duk wanda ya tsaya mana

Assalamu alaikum. Yau kwana tara da abin da ya same mu a ruwa, sai yanzu hannuna na dama ya saki har nake iya riƙe waya. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yi mini afuwa.

Labari ya iske wasu a karkace, to ga gaskiyarsa: ba wanda ya rasu, kuma ba kada ba ne, dorina ce. Baƙi uku na ɗauko daga Garwa, Turawa biyu da wani ɗan Yawunde, suna son ganin dorinai da tsuntsaye a inda kogin Binuwai ke shigowa tafkin Lagdo a arewacin Kamaru. Da hunturu ruwa kan ja baya, duwatsu su fito, mashiga ta tsuke, dorinai su cunkushe a ɗan zurfin da ya rage. Na san haka sarai. Tun a bakin gaɓa Baba sarkin ruwa ya ce mini, "Ɗana, akwai mai jego a kwanar can, ka bi ta gefen yashi." Na ce to, Baba. Da na ga rana na yi, sai na yanke hanya. Ko ƙwanƙwasa jikin jirgi da filafili da muke yi don su ɗago kai mu san inda suke, ban yi ba, alhali dorina takan yi minti biyar a ƙasa ba ka ga ko kunnenta ba. Laifin nan nawa ne, kada a ɗora wa kowa.

Ta bayan jirgi ta taso mu. Abin da na tuna kawai inji ya yi sama, sai sanyin ruwa a kunnena.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga masuntan nan huɗu da ke jan koma a ƙetare. Suka saki komarsu da kifin cikinta, suka turo kwale-kwale biyu, ɗaya na dukan ruwa da gora yana ihu don ya janye hankalin dabbar, ɗayan na tsamo mu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya jawo ni ta wuyan riga yaro ne, ko gemu bai fara ba. Na miƙa musu abin da ke aljihuna, jiƙaƙƙun sefa, babbansu ya ture hannuna ya ce in je in sayi magani. Komar kuwa ta tafi, kuma kowa ya san kuɗin koma a yau.

Sai ƙanena, yaron jirgina. Ɗaya daga cikin Turawan ya ce shi ya sha faɗa da igiyar kogin Nilu a Jinja ta ƙasar Yuganda cikin jirgin roba, wannan kwantaccen ruwa ba ya buƙatar rigar kariya. Ni har na fara sassautawa. Yaron nan ya ce wallahi ba zai kwance igiya ba sai kowa ya ɗaura. Malam, rigar ce ta riƙe mutumin nan da kansa ya bugu da katako. Autan Inna, na gode, kuma na janye faɗan da na yi maka a gaban baƙi.

Matan sansanin masunta da suka hura wuta, suka lulluɓe mu da zannuwansu, suka dama mana kunu mai zafi, Allah Ya saka. Direban da ya sauke buhunan masararsa a bakin hanya ya kai mu Garwa, tafiyar fiye da kilomita 50, bai karɓi ko kuɗin mai ba, Allah Ya tsare masa motarsa. Ma'aikatan jinya da suka ɗinke ni cikin dare, da maƙwabtan da suka riƙe mini gida, ban manta ba.

Baba sarkin ruwa, kana kan ruwan nan tun kafin 'yan Sin su gama madatsar Lagdo a 1982, ni kuwa jiya na zo. Da ka zo duba ni ba ka ce "ai na faɗa maka" ba, goro ka ajiye mini ka tafi. Ina nan zuwa da kaina in durƙusa.

Baƙin sun koma gida lafiya. Injin yana ƙasan ruwa har yanzu, kuma na roƙi samari kada wanda ya nutsa nemansa sai mai jegon ta bar wurin. Ranar Juma'a bayan sallar la'asar akwai 'yar walima a ƙofar gidanmu, abin da aka tara kuma na sayen sabuwar koma ne.