Godiyar iyalan Baba Saje

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin mahaifiyarmu da ƙannena da dukkan zuri'ar gidanmu da ke Tudun Wadan Zariya, ina godiya ga duk wanda ya tsaya mana a rasuwar mahaifinmu, wanda unguwa ta fi sani da Baba Saje. Jiya aka yi sadakar bakwai aka naɗe tabarmi, sai yau na samu sukunin rubutu.

Godiya ta farko ga liman da mai unguwa, da samarin da suka haƙa kabari cikin zafin rana, da maƙwabtan da suka hana mu ɗora tukunya har kwana uku. Waɗanda suka kira waya ban ɗauka ba, ku yi mini uzuri, wallahi ban san inda kaina yake ba.

Akwai wasu baƙi da zan daɗe ina tunawa. Mun san Baba ya shiga soja a Zariya a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, aka tura shi sashen kula da masu rauni a runduna ta ɗaya, wadda Muhammadu Shuwa ya jagoranta. Mun san ya je Inugu, kuma yana can Gabas har aka ajiye makamai a Janairun 1970. Iyakar abin da muka sani ke nan, don in ka tambaye shi labarin yaƙi sai ya ce ka je ka duba ko awaki sun sha ruwa. Ranar sadakar uku sai ga wani dattijo daga Makurɗi, Kirista, yana dogara sanda, jikansa na riƙe da shi. Ya zauna a tabarma ya naɗe ƙafar wando, ya nuna mana tabo tun daga gwiwa har idon sawu. Ya ce Baba ne ya goyo shi daga inda ya faɗi, kuma shi ya riƙa wanke masa ciwon safe da yamma har ƙafar ta tsira daga yankewa. Shekara fiye da hamsin suna gaisawa ta wasiƙa, daga baya ta waya, mu ba mu da labari. Baba na Makurɗi, Allah ya saka da alheri, ya mayar da kai gida lafiya.

Haka abokansa mazan jiya na ƙungiyar tsofaffin sojoji. Su shida suka zo, wasu da ƙyar suke tsayuwa, amma suka jera a ƙofar gida suka ƙame suka sara masa. A nan ne kukan da nake dannewa ya ƙwace mini.

Mafi yawan masu ta'aziyya kuwa ba su san shi da kaki ba. Bayan ya bar soja a 1979 ya kama aiki a ƙaramin asibitin karkara, kuma a nan ya ƙare ƙarfinsa. Ba likita ba ne, malamin asibiti ne, duk wanda ya kira shi likita sai ya gyara masa. Ina yaro na sha ganinsa yana tafasa sirinjin gilas a kan risho kafin ya yi wa mutum allura. A bazarar 1996, da sanƙarau ya yi ɓarna a Arewa, ya yi makonni bai kwana gida ba. Inna ke aika ni da tuwo a kan keke, ya karɓa daga nesa ya ce in juya. Matan da suka zo daga ƙauyukan da ya yi aiki, kowacce da labarinta: wannan ɗanta ya tashi daga amai da gudawa da ruwan gishiri da sukari, waccan mijinta maciji ya sara cikin dare Baba ya ɗauko shi a babur. Wata tsohuwa ta kawo ƙwan zabi goma sha biyu a ƙwarya, ta ce bashi ne tun na haihuwar ɗanta na fari. Mun karɓa, Iya, Allah ya yi albarka.

Faɗa kam Baba yana da shi, musamman ga wanda ya bar shan magani don ya ji sauƙi. Duk wanda harshensa ya taɓa, don Allah ya yafe masa.

Muna godiya ga ma'aikatan jinyar da suka kula da shi a kwanakinsa na ƙarshe, duk da yana kwance yana gyara musu yadda ake ɗaura ƙarin ruwa, suna dariya suna cewa to Baba.

Wanda ke bin sa bashi, komai ƙanƙantarsa, ya same ni ko ƙanena a gida bayan la'asar. Waɗanda sunansu ke cikin littafinsa na bashin magani kuma, Inna ta ce tun yana da rai ya yafe, mu magada ma mun yafe.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya bar zumunci.