Abin da na koya game da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da gigin tsufa

Ba duk tsohon da jini ya zubar wa a ƙwaƙwalwa ba ne za a ce hawan jini ne ya jawo. Wannan shi ne babban abun da na fito da shi daga fostin ɗinmu, wato zaman koyon aiki da muka yi a sashen ƙwaƙwalwa na asibiti, kuma wallahi har yanzu yana min yawo a kai.

Akwai wani furotin da ake kira amiloyid-beta, ƙwaƙwalwar kowa na yin sa kullum, kuma tana wanke shi ta gefen ƙananan jijiyoyin jini, bugun jijiyar ne ma ke taimakawa wajen tura shi waje. To in shekaru suka ja, jijiya ta yi tauri, sai wankin ya ragu, furotin ɗin ya fara maƙalewa a bangonta kaman yanda laka ke taruwa a kwata, a hankali ya cinye tsokar bangon ya bar shi ba ƙwari, daga nan sai tsiyayar jini kaɗan-kaɗan, wata rana kuma ta fashe gaba ɗaya. Likitoci na kiran wannan cerebral amyloid angiopathy, CAA a taƙaice.

Malaminmu in ya ɗora hoton sikanin tambaya ɗaya yake fara yi: a ina jinin yake? Na hawan jini ya fi zuba can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa, na amiloyid kuwa sama-sama yake kusa da ɓawonta, musamman ta ƙeya. A hoton MRI, wanda ake ɗauka da na'ura mai maganaɗisu, za ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe sun watsu, ko wanne tabon jinin da ya taɓa tsiyaya ne, mai shi bai ma sani ba.

Wata tsohuwa da aka kawo ce ta sa abun ya zauna min. 'Yarta ta ce, "Likita, Inna fa sai ta idar da la'asar ta sake tashi ta kabbara, in na ce ta yi sai ta yi fushi." Kuma wai wani lokacin sai ta ji yatsunta sun yi sanyi kaman ba nata ba, abun ya hau hannu ya kai fuska, bayan 'yan mintuna ya wuce. A gida an ce gigin tsufa ne kawai, wani kuma ya ce ƙaramin shanyewar ɓarin jiki ne, aka sayo mata asfirin a kemis tana sha kullum. Nan ne hankalina ya tashi gaskiya, don mai irin wannan jijiyar in aka ba shi maganin tsinka jini, ballantana irin su warfarin, ana iya ƙara masa haɗarin zubar jini ne, da sunan taimako.

Alaƙarsa da cutar mantuwa ma tsohuwar magana ce. Alois Alzheimer ya bayyana cutar da ke ɗauke da sunansa, wato Alzaima, a Jamus a 1906, amma sai a 1984 George Glenner da Caine Wong a Amurka suka ciro furotin ɗin suka gane ko mene ne, kuma abun da ya burge ni, daga jijiyoyin jinin marasa lafiyar suka ciro shi. Mafi yawan masu Alzaima in aka duba ƙwaƙwalwarsu bayan rasuwa ana samun amiloyid a jijiyoyin, ko da kaɗan ne. Shi kansa CAA ɗin ko ba Alzaima yana rage kaifin tunani, mutum ya zama mai nauyin fahimta, lissafin cefane ya gagare shi.

Su ma sababbin magungunan da ake ta yayatawa, irin lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023, suna kwashe amiloyid ɗin amma suna iya jawo kumburi da tsiyayar jini a ƙwaƙwalwa, haɗarin ya fi yawa ga masu CAA da masu ƙwayar gado ta APOE4, shi ya sa dole sai an yi MRI kafin a fara.

Har yau dai babu maganin da ke warkar da CAA. Abun da ke hannunmu shi ne a riƙe hawan jini da kyau, don ko a nan ɗin ma yana rage yiwuwar fashewar jijiya. Abun da ke ci min rai kuma, ƙananan ɗige-ɗigen nan ba sa fitowa a hoton CT, wanda ake ɗauka da X-ray, sai MRI, ga shi a wajenmu ba ko ina ake da shi ba, inda yake ma kuɗin ya fi ƙarfin yawancin iyalai. Ita Innar nan 'ya'yanta ne suka yi karo-karo kafin aka yi mata, ranar da sakamakon ya fito likita ya sa aka dakatar da asfirin ɗin, aka koya wa 'yar yanda za ta riƙa auna mata jini a gida safe da yamma tana rubutawa.