Almakashin da na ƙi saki

Na shekara 11 ina riƙe da shagon ɗinki a Kano, da yara 6 a ƙarƙashina, kafin wani azumi ya nuna mini cewa ban iya ba da aiki ba.

Tsarina a lokacin shi ne yara su haɗa, su yi aljihu, su sa maɓalli, su yi guga, amma awo da yanka nawa ne ni kaɗai. Hujjata ita ce tsadar shadda: idan yaro ya ɓata yadi 5 na Getzner, ni zan koma Kantin Kwari in biya daga aljihuna. Ana cikin haka goman ƙarshe ta shigo, kaya suka taru har ba wurin shimfiɗa sallaya. Wata rana na kai riguna wurin masu aikin wuyan riga, cunkoso ya riƙe ni har la'asar. Da na dawo sai na tarar kekuna shiru, janareta na ta shan mai, yara zaune jugum. Na hau faɗa. Babban yarona, wanda ya shekara 4 tare da ni, ya bari na gama, sannan ya ce, "Maigida, abin da ka yanka mun gama tun azahar. Almakashi kuwa kai ka ce kada wanda ya taɓa."

Maganar ta tsaya mini a rai. Na ɗora musu nauyin gama kayan Sallah, amma wuƙa da nama suna hannuna. In ba na nan, shago ya mutu.

Washegari na miƙa masa almakashi, sai na sake wani kuskuren. Na ce, "Yanka kaftanin Alhaji," na nuna masa littafin awo. Abin da ban faɗa ba shi ne Alhajin nan yana son hannu mai faɗi da aljihun waya ta ciki. Wannan a kaina yake, ban taɓa rubuta shi ba. Da Alhaji ya gwada ya ɓata fuska, na juya na yi wa yaron tsawa a gabansa, alhali ya bi awon daidai. Har yau ina jin kunyar wannan tsawar. Kuma da na yi tunani, duk rigar da aka yaba a baya ni nake amsa godiya, ban taɓa cewa wane ne ya ɗinka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan Sallah na kira yaron na ba shi haƙuri. Muka ƙara shafi a littafin awo don abin da kowane mai kaya yake so. Na ce ya fara da yadi mai araha, in ya yi kuskure mu zauna mu duba tare bayan mai kaya ya tafi. Ya ɓata wanduna 2 a watan farko, na biya ban ce uffan ba. Bana shi ya yanka babbar rigar da na sa na je Idi.