Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Shekarar da Goshina Ya Kusa Cinye Jarina

A makon jiya na tsaya ne a daidai ranar da Kawu ya damƙa mini mabuɗin ƙaramin shagon atamfa da ke bayan nasa a Babbar Kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, ya ce in riƙa juya shi muna raba riba. Abin da zan kawo a wannan makon na daɗe ina jin nauyin ambatonsa, domin a gidajenmu ba a saba jin ɗa namiji yana kuka da sumar kansa ba, amma tunda na ɗauki alkawarin ba zan tsallake komai ba, dole in faɗe shi yadda ya faru.

Ranar 11 ga Janairun 2022 garinmu ya cika ya batse da baƙi saboda gasar cin kofin nahiyar Afirka, kuma a ranar ce Najeriya ta kara da Masar a filin wasa na Roumdé Adjia. Shekaruna 23 a lokacin. Da Kelechi Iheanacho ya zura ƙwallo, wadda ita kaɗai aka ci a wasan, sai na tuɓe hulata ina kaɗa ta sama, na waiwaya ina yi wa wani abokina da ke layin samanmu ihu, shi kuwa ya ɗauke ni hoto. Kafin mu isa gida hoton ya shiga zaurenmu na WhatsApp. Ba wanda ya yi maganar ƙwallo. Wani ya rubuta cewa Alhaji ya fara fitowa, wani ya ce in gode wa Allah tunda sanƙo alamar arziki ne, wani kuma ya tambaya ko jirgin Yawunde zai iya sauka a goshina. Na yi dariya tare da su, amma da dare ya raba na kulle ɗaki, na kunna fitilar waya, na tsaya gaban madubi na kusan awa guda. Gashin ya ja baya ta gefe biyu na goshi, ya bar wani ɗan harshe a tsakiya, kuma wanda ya saura a bakin wurin ya yi laushi da siranta kamar na jariri.

Washegari na je wurin mai askinmu da ke Yelwa, wanda yake taɓa kaina tun ina makarantar allo. Bai yi mamaki ba. Ya ce ya fi shekara yana lura, kuma duk lokacin da zai yi mini gyaran fuska sai ya ɗan matsar da layin baya don gefe da gefe su daidaita, bai dai faɗa mini ba ne saboda kada ya ɓata mini rai. Daga nan na shiga jerin magungunan da duk mai wannan damuwa ya sani: man habbatus sauda, man darbejiya, ruwan albasa, da wani haɗi a kwalba marar suna da na saya a tasha. Tafarnuwa ce ta fi ba ni wuya, domin na daka ta ɗanya na ɗaure a goshi na kwana da ita, da safe fatar ta ɗuri ruwa, sai da na yi mako biyu ina janyo hula har gira. Inna kuwa ta ɗora laifin duka a kan hular, tana cewa zafin Garwa, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, shi ne ke dafa mini kai a ƙarƙashinta.

A wannan halin ne tallan dashen gashi ya fara bibiyata a Facebook. Sau ɗaya na bincika kalmar da Faransanci, amma tun daga ranar ba na buɗe waya ban ga hoton wani mutum da sanƙo a hagu, da cikakkiyar suma a dama ba. Na karanta cewa Wayne Rooney, ɗan ƙwallon Ingila, ya yi dashen a 2011 yana da shekara 25, har ya sanar da duniya da bakinsa, sai na ce a raina tazarar da ke tsakanina da shi shekara biyu ce kacal. Na tura saƙo ga wani asibiti a Santambul, ba zan ambaci sunansa ba. Suka nemi hotunan kaina ta fuska huɗu, kuma ba a yi awa guda ba suka amsa cewa ina bukatar dashe 3,500, kuɗin aiki da masauki da mota daga filin jirgi yuro 2,000, tare da ragi idan na ba da kafin alƙalami a cikin makon. Tunda yuro guda sefa 656 ne in an cike, lissafin ya kama sefa miliyan 1.3 da 'yan kai, ban da kuɗin jirgi daga Yawunde da na biza. Abin da na tara a shago da abin da nake ajiyewa domin lefe, idan aka haɗa su, da ƙyar suke kaiwa. Sai daga baya na lura cewa a duk hirarmu ba wanda ya tambaye ni shekaruna, ko yadda kan mahaifina da na kawunnena yake, kuma ban taɓa magana da likitan da zai yi aikin ba, wani mai karɓar baƙi ne kawai ke amsa mini.

Kafin in taɓa kuɗin na sami malaminmu bayan sallar Isha. Na ce, "Allah gafarta Malam, shin dashen gashi yana cikin ƙarin gashin da aka hana?" Ya ce abin da hadisi ya yi hani a kai shi ne jona wani gashi a jikin naka, amma mayar da abin da ya zube ta hanyar magani, malamai irin su Ibn Usaimin sun halatta shi, suna kafa hujja da hadisin nan na Buhari da Muslim game da mutum uku na Bani Isra'ila, mai cutar fata da mai sanƙo da makaho, inda mala'ika ya shafi kan mai sanƙon aka ba shi kyakkyawan gashi. Na fito ina murna kamar an sa mini hannu a takardar tafiya. Kawu ne ya taka mini birki, kuma bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, ka taɓa sayen dila ba ka kwance ta ba? Wata mai kamawa za ka sauka Duwala saro kaya, ka tsaya Yawunde likitan fata ya duba kan da idonsa, sannan ka zo mu yi magana."

Haka aka yi. Na hau mota zuwa Ngaundare, na kwana a jirgin ƙasa, gari ya waye mini a Yawunde. Likitar da na gani mace ce mai matsakaitan shekaru, kuma ta fi rabin awa a kaina, tana bin fatar da wani ɗan madubi mai fitila. Ta ce da farko ba kowane ja da baya ne sanƙo ba, domin yawancin maza tsakanin ƙarshen ƙuruciya da shekara 30 layin goshinsu kan ɗaga da kimanin santimita ɗaya ya tsaya nan, kuma zubar gashi 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Nawa dai ya wuce haka, saboda siraran gashin da ta gani. Ta bayyana mini cewa jikin namiji na juya wani kaso na sinadarin mazakuta zuwa wani da ake kira DHT, kuma a kan wanda ya gada, wannan sinadari yana tsuke tushen gashin goshi da na tsakar kai sannu a hankali, kowane sabon tsiro ya fito bai kai na baya kauri ba, har tushen ya daina fitar da komai. Gadon kan zo ta wajen uwa ko ta wajen uba, hula kuwa ba ta da laifi. Ta nuna mini zanen matakai bakwai na sanƙo da ake kira ma'aunin Norwood, wanda aka wallafa a 1975, ta ɗora yatsa tsakanin na biyu da na uku, sannan ta tambaye ni inda Kawu yake. Na nuna na shida.

Abin da ta faɗa bayan haka shi ne ya sauya mini lissafi. Dashe ba ya ƙirƙirar gashi ko ƙwaya ɗaya. Ana ciro tushe ne daga ƙeya da gefen kunne, inda DHT ba ya yi wa illa sosai, a kafa shi a gaba, kuma tun 1959 wani likita a Amurka mai suna Norman Orentreich ya nuna cewa tushen yana riƙe halin wurin da aka ciro shi. Ana yi ko dai ta yanke siririn zirin fata a ɗinke wurin, ko ta ciro tushen ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfe mai rami, kowane tushe ɗauke da gashi ɗaya zuwa huɗu. Inda aka cire ba ya sake tsirowa har abada, kuma abin da ƙeyar mutum za ta iya bayarwa a tsawon rayuwa 'yan dubbai ne ƙidayayyu. Ta ce, "Idan aka kwashe 3,500 yau aka cike maka goshin ɗan shekara 17, gashinka na asali da ke bayan dashen zai ci gaba da zubewa, domin aikin bai taɓa sanadin ba. In ka bi sawun kawunka, kana shekara 35 za ka sami kanka da jerin gashi a gaba kamar shinge, fili a bayansa, ga ƙeyar da za a koma wa an riga an rarake ta." Saboda haka ne, in ji ta, likitocin da suka san abin da suke yi ba sa gaggawar taɓa wanda bai kai 25 ba, sai an ga inda zubar ta dosa.

Akwai kuma abin da tallan bai taɓa ambata ba, wanda ya shafe mu mu baƙar fata. Gashinmu a lanƙwashe yake tun daga ƙarƙashin fata, don haka ƙarfen da ke shiga a miƙe yana iya datse tushen idan hannun bai saba da irin kanmu ba, kuma tushen da aka datse ya tafi a banza. Ta sa na buɗe kafaɗa, ta ga tabon allurar rigakafin yarinta ya yi tudu yana sheƙi, ta duba ƙurajen aski da ke ƙeyata, ta ce fatata na cikin masu yin tabo mai kumburi, kuma mai irin wannan fata ba ya yarda a huda masa kai sau dubbai ba tare da an fara gwada 'yan kaɗan an jira an ga yadda za su warke ba. Ko aikin ya yi kyau, gashin da aka dasa kan zube a makonnin farko, ya fara dawowa bayan wata uku zuwa huɗu, ba a ganin kammalallen sakamako sai an shekara. Ni da na ɗauka zan dawo daga Turkiyya in shiga hoton ɗaurin aure da sabon goshi, na ji jikina ya yi sanyi. Ban ma taɓa tunanin yadda zan yi da shafar kai a alwala, da sujuda, da ƙurar hunturun Garwa a kwanakin da ciwon yake ɗanye ba.

Ta ce abin da ya kamace ni yanzu shi ne in riƙe wanda ya rage. Ta ambaci magani biyu. Minoxidil, wanda asalinsa maganin hawan jini ne kafin hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a matsayin na shafawa a 1988, ana shafa shi safe da yamma. Finasteride kuwa ƙwaya ce ta miligiram ɗaya a kullum, an amince da ita don sanƙo a 1997, tana rage DHT ɗin da kansa. Dukansu ba a ganin amfaninsu sai bayan watanni, kuma duk ranar da aka daina, abin da aka samu zai koma a hankali. Ba ta ɓoye mini cewa kaɗan daga masu shan ƙwayar kan sami raguwar sha'awa ba, kuma mace mai ciki ba ta taɓa wadda ta fashe. Ga mutumin da ake maganar sa ranarsa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na karɓi takardar na shafawa, na ce ta ba ni lokaci a kan ƙwayar, ita kuma ta ce in riƙa ɗaukar hoton kaina duk wata shida a wuri ɗaya da haske ɗaya, in daina auna shi kullum a madubi.

Kuɗin da na ɗinke a aljihun ciki da niyyar kafin alƙalami, dila biyu na ƙara da su a Duwala. Da na dawo na zayyana wa Kawu komai, muna zaune a kan benci bayan la'asar, yaran shago suna ninke atamfa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To ai wannan dashen masakwa ne, dawar nan ta rani. Kakanka a Marwa ba ya tsige irinsa sai ruwa ya gama janyewa daga fadama ya ga iyakar ƙasar da zai dasa, saboda irin da ke gadon nan shi ke nan, in ya ƙare ba na biyu." Ya cire hularsa, abin da ban cika ganin ya yi a kasuwa ba, ya shafa kan da tafin hannu, ya ce nasa ya fara ne yana da shekara 22, a shekarar da ya auri Gwaggo.

A daren ranar saƙo ya sake shigowa daga Santambul, sun ce an rage mini zuwa yuro 1,600 idan na tabbatar kafin Juma'a. Ban amsa ba. Da safe na je Yelwa na zauna a kujerar mai aski, na ce ya yi mini saisaye ƙasa-ƙasa, layin goshin kuma ya bar shi inda ya same shi, kada reza ta ƙara hawa ko da faɗin tsinke. Da wannan askin na tafi gaishe da mahaifin yarinyar da nake nema ranar Asabar, kuma daga wannan ziyarar zan ɗora a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.