Ranar da kwamfutar shagon kawu ta kama gurnani

Tsohuwar kwamfutar tebur ce da kawuna ya siyo a kasuwar gwanjo ta haraj ɗin Sawarik nan kudancin Jidda, a ciki muke rubuta kayan da mutane ke turawa Kano da Yamai ta kago, sunan mai kaya, kilo nawa, wa ya biya wa ya rage. Wata safiya ina kunnawa sai ta kama gurnani kamar injin markaɗe, allo kuma ya tsaya baƙi da rubutu wai CMOS checksum error a danna F1. Kawu yace kai yaro ɗauko ta mu kai wa mai gyara, nace kawu ku bari dai in buɗe in gani tukunna.

Rubutun nan shi ne ƙaramar matsalar. Akwai wani ɗan batir zagayayye a jikin madabod, wato babban falankin da kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kansa, CR2032, mai bolt 3, shi ke riƙe agogo da saiti in an cire wuta. In ya mutu kwanan wata sai ya koma baya shekaru, har shafukan intanet su ƙi buɗewa suna cewa babu tsaro. Wajen masu agogo na samo shi da 'yan riyaloli.

Gurnanin kuwa sai da na naɗe takarda na kara a kunne ina bin kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, da na ɗan taɓa tsakiyar fankar firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da yatsa ƙarar ta ɗauke, to shikenan an kama ɓarawo. Ƙurar Jidda ba irin ta gida bace, laimar teku ke haɗuwa da ita ta daskare a fukafukan fanka, sai da buroshi da bulowa. In za ka hura ka cire wuta ka riƙe fankar kar ta dinga juyi a banza. Akwatin wutar nan da ke baya kuma kar ka kwance shi wlh, yana riƙe caji ko an zare waya.

Da na mayar sai ta shiga ƙara tiiit tiiit mai tsawo ba hoto. RAM ne ya motsa, wato ɗan siririn falankin da ke riƙe abin da kwamfuta ke aiki a kai, na zare na goge bakin da kilina ta fensir na danna har maƙallan suka kama. Kowane kamfani da ma'anar ƙararsa, amma guda ɗaya gajere yawanci lafiya kenan.

Abin da ya tayar min da hankali sai bayan shagon yayi tsit na ji shi, wani ƙas ƙas a hankali daga had disk, wato ma'ajiyar fayiloli, da can hayaniyar fanka ce ta rufe shi. Faifan ciki yana juyawa sau 7200 a minti, in hannun da ke karantawa ya fara bugawa haka to kwana ya kusa ƙarewa. Na sa CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar had disk, ya nuna ruwan ɗorawa, alamar gargaɗi kenan. Ban tsaya wani sikanin ko gyara ba, don wahalar da shi zai iya ƙarasa shi, fayil ɗin bashin mutane na fara kwashewa a filash sannan hotunan rasit, wasu ma sun ƙi kwafuwa.

Kawu yayi ta mita kan kuɗin SSD, sabuwar ma'ajiyar da za ta maye gurbin had disk ɗin, wai ai tana aiki, nace kawu in lissafin nan ya tafi wa zai yarda ya ce ana binsa. Ya ciro kuɗin. SSD ba abin da ke juyawa a cikinsa, na ɗora Windows sabo, yanzu duk Alhamis kafin mu rufe ina kwafe lissafin a filash.