Kyamarar tsaro a gida: inda kuɗin ya kamata su tafi

Shagona a Gusau yake, aikinmu haɗa kyamarorin tsaro da sola a gidaje da shaguna. Yawancin masu zuwa da hoton kyamara a waya suke zuwa, irin wadda ake talla tana juya kai tana magana, su ce nawa za a sa musu guda huɗu. Ni kuwa kafin maganar kuɗi nakan ce, ranka ya daɗe, hoton da ta ɗauka ina zai kwana?

Mu nan mun san dalilin tambayar. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni ba kira ba intanet. Duk kyamarar da ke tura hoto zuwa sabar kamfani a wata ƙasa, ba ta da ma'aji a gida, tana nan a bango amma ba ta ajiye komai. Ko ba a rufe layi ba, tura bidiyo dare da rana ta datar waya ba abin da aljihu zai jure ba ne. Shi ya sa nake cewa hoto ya zauna a gida.

Wanda ɗaukar hoto kawai yake so, ya sayi na'urar ajiya ta Hikvision ko Dahua ya huta, ba na ja da shi. Sabar gida, wato kwamfutar da ake ajiyewa a gida ta riƙa adana hoton, ta wanda yake son fiye da haka ce: ajiye hotunan iyali da lissafin shago wuri guda, da kuma na'urar da za ta bambanta mutum da akuya. Manhajar Frigate, wadda kyauta ce, tana yin wannan. Idan ba haka ba, duk kazar da ta gitta ƙofar gida sai wayarka ta yi ƙara, kafin sati ka kashe sanarwar gaba ɗaya.

Kwamfutar ita ce abin da mutane suka fi tsoron kuɗinsa, alhali ita ce mafi sauƙi. Tokumbo ta ofis nake sa wa mutane, Dell OptiPlex ko HP EliteDesk ko Lenovo ThinkCentre, ana samunsu a Beirut Road a Kano ko Computer Village a Ikeja. Abin dubawa shi ne furosesar Intel ce daga zubi na shida zuwa sama, misali lambar i5 ɗin, mai alƙaluma huɗu, ta fara da 6 ko 7 ko 8. Waɗannan suna da sashe na musamman da ake kira Quick Sync mai warware bidiyon H.265 ba tare da ya gajiyar da sauran injin ba. RAM giga 8 ya isa kyamara huɗu. Na fi son mai matsakaicin jiki a kan 'yar mitsitsiyar nan mai kama da littafi, don ƙaramar ba ta ɗaukar babban faifai mai inci 3.5, sai an rataya mata shi ta USB, kuma duk abin da aka rataya wata rana zai kwance. Yaran shagona suna son Raspberry Pi, wata 'yar kwamfuta mai girman tafin hannu, amma kafin ka sayi caja da gida da abin sanyaya shi, kuɗin ya kusa kamo na tokumbo.

Faifan ajiya kuwa ba na yarda a saye shi na hannu. Ga lissafin: kyamara ɗaya mai tura megabit 4 a daƙiƙa tana cin kusan giga 43 a yini. Huɗu sun haura giga 170. Faifai mai tera 4 zai riƙe sati uku da 'yan kwanaki kafin ya fara goge na baya. Wannan rubutu ne da ba ya tsayawa, don haka ake yin faifai na musamman irin WD Purple da Seagate SkyHawk. Manhajar kanta ta zauna a ƙaramin SSD daban, wato ma'aji mai sauri wanda ba ya juyawa. Tsohon faifan da ya gaji ba ya faɗa maka ya gaji, sai ranar da aka fasa shago ka zo neman hoton daren jiya.

Sai wuta, kuma nan ne ciniki ya fi lalacewa. Kwamfuta da faifai da kyamara huɗu da rauta, mu ce wat 50 gaba ɗaya. A awa 24, wat-awa 1,200 ke nan. Batir mai ruwa na bolt 12, amfiya 200, yana ɗauke da 2,400, amma rabi kawai ya kamata a sha idan ana son ya daɗe. Ka ga batir guda cur aikin kyamara kaɗai zai yi, ba fanka ba talabijin, ban ma sa abin da inbata ke ci ba. Idan wani ya kawo tsohuwar ƙatuwar kwamfutarsa mai shan wat 100 ya ce a yi da ita don a rage kuɗi, nakan nuna masa cewa abin da ya rage zai biya shi ninki a batir da farantin sola. Akwai kuma ƙananan abubuwa biyu da nake yi wa kowace tokumbo: in saita BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, ta kunna kanta idan wuta ta dawo, in canja ɗan batirin agogo CR2032. Hoton da kwanan watansa ya koma shekarun baya, da wuya ya yi maka amfani a gaban hukuma.

Kyamara mai waya nake sawa, wadda wuta da hoto ke bi ta kebul ɗaya, PoE, kuma kada tsawon ya wuce mita 100. A tabbata tana da RTSP ko ONVIF, wato hanyoyin da kyamara ke miƙa hoto ga kowace manhaja, in ba haka ba sai manhajar kamfaninta kaɗai za ta yi magana da ita. Megafiksel 4 ya wadatar, mai 8 ɗin mai araha da dare ba ta fi ta gani ba, faifai kawai take cikawa. Kebul ya zama jan ƙarfe zalla. Akwai na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, kwalinsa iri ɗaya, ka kankare da wuƙa za ka ga fari. Araha ba ta ado: irin wannan kebul ne ke sa kyamara ta riƙa mutuwa da dare lokacin da fitilunta suka kunna suka ƙara jan wuta.

Zafin bazara a nan yana haura digiri 40, don haka ba na sa na'ura cikin silin ƙarƙashin kwano, ko da mai gida ya nace don ɓoyewa. A nemi ɗaki mai iska wanda baƙo ba ya shiga, nesa da falo, domin ɓarawon da ya san aiki na'urar yake fara nema. Bayan hunturu a buɗe a hure ƙura.

Kallon gida daga nesa yana yiwuwa, amma layukan waya ba sa ba kowa adireshin intanet nasa shi kaɗai, don haka Tailscale, manhajar da ke haɗa wayarka da kwamfutar gida ta keɓantacciyar hanya, muke amfani da shi maimakon buɗe ƙofa a rauta. Kalmar sirrin da kyamara ta zo da ita a canja ta ranar farko. A 2016 cutar kwamfuta mai suna Mirai ta irin wannan sakaci ta kame dubban kyamarori a duniya.

Abin da ba na sasantawa a kai shi ne inda kyamara ke kallo. Ƙofar gida, zaure, gareji, bayan katanga. Ba na juya ta tsakar gida inda iyali ke harkokinsu, ba na bari ta leƙa gidan maƙwabci. Kafin in karɓi cikon kuɗina, nakan sa mai gida ya canja kalmar sirri da hannunsa bayan na juya baya, in kuma goge gidansa daga wayata a gabansa.